Abin da Masawudu Ya Aiko a Binne

Old Kent Road, London
14 ga Afrilu, 1996

Zuwa ga Hajiya Hamdatu 'yar Kawu, mai cewa ni bawanta ne.

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki da duk mutanen gidan Kawu a Gangare. Yaya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau. Rukayatu tana gaishe ki, yaran ma haka, ko da yake da Turanci suke tasu gaisuwar. Kasuwa alhamdu lillahi. Na ƙara mota ta uku, kuma an sake rubuta allon shagon, Masawudu Cargo, da baƙaƙen da ko mutum yana saman bus zai karanta.

To ki zauna kafin ki ci gaba. An yi mini aiki a asibiti ranar shida ga Fabrairu. Kada ki fara salati, ga shi da hannuna nake rubutu. Tun bara fitsari ya riƙa ba ni wahala. GP ɗina, wato likitan unguwarmu, ya ɗebi jini, ya ce akwai wani abu da suke aunawa a jinin maza, PSA suke ce masa, bai kamata ya wuce huɗu ba, nawa ya kai goma sha ɗaya. Abin yana fitowa ne daga wata 'yar tsoka kamar goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, prostate. Suka tsakuro kaɗan suka duba, suka ce ciwon daji ne, amma bai fita daga cikinta ba. Sai suka cire ta ɗungurungum. Ke kaɗai na faɗa wa a gida, domin ni da ke babu kunya tun muna wanka a rafin Dilimi.

Likitan ya ce abu biyu ne za su nuna ko ciwon zai dawo. Na farko jini. Tunda an cire mai yin PSA ɗin, ya kamata ya ɓace, kuma nawa ya ɓace, injinsu ma bai gan shi ba. Duk wata uku zan koma a sake aunawa. Na biyu naman da aka cire. Suna shafa masa tawada a waje, su yanyanka shi, su daskarar da shi a cikin kaki irin na kyandir, sannan su duba da madubi ko ciwon ya taɓa tawadar. Har maki suke ba shi bisa goma. Nawa ya ci shida. Na ce wa likita ni da na bar makaranta a Form Two ban taɓa cin shida a lissafi ba. Ya yi dariya ya ce a wannan jarrabawar ƙarami ake so, kuma shida ba laifi. Wuri ɗaya ne kawai ya ce ciwon ya ɗan matso kusa da tawadar.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Na tambaye su ina za su kai naman. Wai akwai wani store a ƙarƙashin asibitin, nan za su jera shi da na mutanen da ban sani ba, shekara da shekaru. Na ce ba da ni ba. Kin san Kawu, ko haƙori ne ya fita sai ya haƙa rami. Sau shida na koma ofishinsu, da babbar riga nake zuwa, har suka gaji suka ba ni takarda na sa hannu. Sun riƙe 'yan gilasan da suka ɗora siraran yankan naman a kai suka riga suka duba, suka ba ni kakin, guda ashirin da takwas, kowanne kamar rabin kwalin ashana. Scholastica 'yar maƙwabcinku Choji, wadda take aikin nas a nan, ta ce Baba kada ka karɓa, wata rana za a nema. Na ce mata ke nas ce, ni ne mai jikin.

Direbana da zai zo gida Sallah zai ba ki wannan takarda da ɗan ƙunshi. Bai san abin da ke ciki ba. Ki binne mini a bayan ɗakin da Inna ta haife ni, inda aka binne cibiyata. Wani sashe nawa ya riga ni dawowa gida ke nan.

Ubangidanki, ko kin ƙi ko kin so,
Masawudu

*

Gangare, Jos
19 ga Mayu, 1996

Bawana Masawudu,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka da iyalinka. Mun yi Sallah lafiya, ƙafa kuma da sauƙi in ban da safiya. Ka gaishe mini da Rukayatu, ka ce ta yi ƙoƙari, jinyar mai taurin kai ta fi ta kowa wuya.

Salatin da ka hana na yi shi, na ƙara da kuka, sannan na sha ruwa na sake karantawa. A yanka ka a Fabrairu sai Afrilu zan ji? Da Gwaggo tana da rai da ka gane kurenka. Amma na gode wa Allah da ya sa aka gani da wuri. Shekara ashirin da uku kana aiko mana hotunanka a jingine da motoci, ashe sai da wuƙa za ka aiko da abin da yake naka na gaske.

Na buɗe ƙunshin. Ka yi haƙuri, ai kayan bawa na uwargijiyarsa ne. Na ɗaga ɗaya a rana na ga wani ɗan abu ruwan ƙasa a tsakiyar kakin, da ɗan baƙi a gefe. Na ce yanzu wannan ne ya so ya kayar da mai motoci uku? Na ƙirga su, ashirin da takwas cif. Na naɗe su a farin ƙyalle, na sa a leda biyu, na cusa a gwangwanin madara babba na danne murfin. Na san ba a binne abu da gwangwani, amma aladun unguwar sama suna shigo mana ta inda katanga ta zube, ban yarda da su ba.

Inda aka binne cibiyarka kuwa, babu mai rai da zai rantse a kai. Na tsaya a bayan ɗakin Gwaggo na auna taku uku daga taga, wajen da nake jin tana zubar da ruwan wankan jego. Malamin masallacinmu ya zo ya yi addu'a. Na ce masa wani abu ne da aka cire wa ɗan'uwana a asibiti, bai tambayi ko mene ne ba, ni ma ban ƙara ba. Da kaina na haƙa, har gwiwa.

Ka riƙa zuwa awon jinin nan a kan lokaci. Na san ka, da zarar ka ji ƙarfi za ka ce likita ya jira ka gama lodi.

Uwargijiyarka,
Hamdatu

*

London
3 ga Nuwamba, 1996

Hajiya,

Gaisuwa a tsaye, ana jirana a tashar jirgin ruwa ta Tilbury. An auna a Mayu, an auna a Agusta, an auna shekaranjiya. Babu, babu, babu. Likita ya ce da duk marasa lafiyarsa irina ne da ya koma noma. Na ɗauki Rukayatu muka shiga tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, har Charing Cross, na nuna mata bayan otal ɗin da na fara wanke kwanuka shekarar da na zo, muka sayi gyaɗa mai sukari muka ci a tsaye kamar yara. Ga atamfa nan turmi biyu, kore naki ne, ɗayan ki ba matar Choji.

Masawudu

*

Old Kent Road, London
24 ga Fabrairu, 1997

Zuwa ga 'yar'uwata Hamdatu.

Bayan gaisuwa da barka da shan ruwa, da fatan kun yi Sallah lafiya. Mu ma lafiya. Ina ci, ina aiki, babu inda yake mini ciwo. Na fara da wannan ne don kada abin da zai biyo ya tsorata ki fiye da kima.

Awon farkon wannan watan bai ce babu ba. Ya ce 0.2. Aka sake bayan mako biyu, ya sake cewa haka. Na ce wa likita mutumin da ya taɓa kaiwa goma sha ɗaya ai wannan ba komai ba ne. Ya ce da tsokar tana nan da haka ne, amma wanda aka cire wa, ko ɗigo sai an tambayi daga ina ya fito.

Ya zana mini a takarda. Ya ce ko dai ciwon ne ya bar iri a wurin da aka yanka, ko ya riga ya yi tafiya wani wuri, ko kuma ɗan lafiyayyen nama ne ya rage a jikina yana fitar da abin, wanda ba ya cutarwa. Jini kaɗai ba zai bambance ba sai an daɗe ana kallo, shi kuma ba ya son daɗewa a kan mutum mai shekara hamsin da shida. Sai ya ce amma akwai hanya. Wurin nan da ciwon ya matso kusa da tawada, za su sake yankowa daga kakin, su shiga ciki sosai, kuma akwai wani sabon rini da yake nuna ko ƙwayoyin ciwon masu saurin hayayyafa ne ko masu nawa. Gilasan da suka riƙe sun riga sun sha rini, ba sa karɓar wani. Ya buɗe file ɗina don ya rubuta a ɗauko kakin, sai ya ci karo da takardar da na sa wa hannu.

Hamdatu, ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Mr Masawudu, yana ina?"

Na ce yana gida. Ban yi ƙarya ba, amma shi gidanmu na nan Peckham ya ɗauka. Ya ce to in kawo.

In ban kawo ba, ya ce ba zai yi caca da raina ba. Za a fara gasa wurin da haske har mako shida da rabi, a haɗa da wata allura ta wata-wata. Allurar nan na yi tambaya a kanta, har wani likita na biya a Marylebone don in ji ta bakin wani. Tana kashe abin da ya sa namiji yake namiji. Bayan aikin nan da ƙyar abubuwa suka fara dawowa, kin gane, ba sai na ƙara ba. In kuwa kakin ya nuna alheri, ba gashi ba allura, sai dai a ci gaba da awo. Ya ba ni appointment ranar goma sha biyu ga Mayu, ya ce daga nan ba zai ƙara jira ba.

Rukayatu ba ta sani ba. Ta ga ina yawan shiru na ce kwastan ne suka riƙe mini kwantena. Scholastica ma ina kauce mata, in na hango ta ta nufo shago sai in shige store.

Ban ce ki tono ba. Abin da aka binne da addu'a ban san hukuncinsa ba, kuma ni na ce a binne, ban saba janye magana ba. Ina dai faɗa miki yadda ake ciki. Ban buga waya gidan Choji a kira ki ba, don ba zancen da za ki amsa a falon mutane ba ne.

Naki,
Masawudu

*

Gangare, Jos
9 ga Maris, 1997

Bawana,

Gaisuwa mai tarin yawa. Kowa lafiya, sai zafi da ya fara, irin wanda Jos ba ta saba ba.

Albishirinka. Na yi kicin. Shekara nawa ina girki a rumfar kwano, hayaƙi yana cin idona, ruwan sama yana kashe mini wuta. Yanzu ga ɗaki na bulo mai taga biyu, da kantar ajiye tukwane, da daɓen siminti mai santsi wanda har jikokina suke kwanciya a kai da rana. A bayan ɗakin Gwaggo aka yi shi, don nan ne kawai fili ya rage. Wato dai ajiyarka yanzu tana ƙarƙashin inda nake daka. Ka kwantar da hankalinka, magini ya zuba kankare mai kauri, ya ce ko tanka ta bi ta kai ba zai fashe ba. Abin da ka ba ƙasa ya zauna ke nan har tashin kiyama, babu mai taɓa shi.

Kullum in na ɗora tukunya sai in ce, Masawudu, tashi ka hura wuta. Ka ga ko daga London kana yi mini bauta.

Koriyar atamfar na ɗinka, na sa ranar sunan jikar Choji, mata suka yi ta tambaya. Ka zo bana ka ci tuwon kicin ɗin nan.

Hamdatu

*

London
25 ga Maris, 1997

Hajiya Hamdatu,

Na sami amsarki. Na gane. Da kin ce mini a'a kai tsaye da ya fi mini sauƙi a kan zancen tanka da tashin kiyama, amma gidan mahaifinki ne, kicin ɗinki ne, kuma ban roƙe ki komai ba. Allah ya sanya albarka a ginin.

Ni na zo ƙasar nan da akwatin kwano ɗaya, ban san kowa ba, kuma ban mutu ba. Allura ma ba za ta kashe ni ba. Zan je ranar goma sha biyu ga Mayu in ce su fara.

Masawudu Ɗan-Inna

*

Gangare, Jos
13 ga Afrilu, 1997

Masawudu,

Gaisuwa a taƙaice, don hannuna yana ciwo, za ka ji dalili.

Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka zo, ranar Alhamis. Ta Fabrairu ta yi mako shida a hanya, ambulan ɗin har ya yi laushi, ban san inda ta kwana ba. Da na rubuto maka zancen kicin ban ga ko ɗaya ba. Ka duba kwanan watan, kai da kake taƙama ba a taɓa ɓatar maka da lissafin jirgi ba. Kuma rashin sa'a ta biyun na fara buɗewa. Na karanta na ce wannan bawan ya haukace, me kicin ɗina ya yi masa? Sai da na buɗe ta farkon na zauna a ƙasa.

Ɗan-Inna ko? Yau kuma ni ce Hajiya Hamdatu, kamar mai karɓar haraji? Shekara hamsin da shida ka san ni, ka zaci zan zaɓi siminti in bar ka? Shafi biyu ka cika kana zagaye, ban ce ki tono ba, ban saba janye magana ba. Kalma ɗaya ce, tono, ta gagare ka.

Ban ko ɗaura ɗankwali sosai ba na tafi wajen Malam. Wannan karon na faɗa masa komai, har allurar, ya riƙa kallon carbinsa. Ya ce ba gawa ba ce, ba kabari ba ne, kuma mai abin yana raye yana buƙatarsa, me ake jira? Daga nan na wuce gidan Choji. Ka san shekara ashirin ya yi yana haƙar kuza kafin kamfani ya rufe. Ya zo da guduma da kurfi, ya tsaya a ƙofar kicin ya daɗe yana kallon daɓen, ya ce Hajiya, wannan aikin mai kyau ne, kin tabbata? Na ce fasa.

Matsalar ita ce tagar da na auna taku uku daga gare ta magini ya toshe ta. Ramin farko babu komai. Na biyu muka sami tsohuwar akushi. Choji ya ajiye guduma ya ce a daina hauka, ya durƙusa yana shafa ƙasa da hannu, wai ƙasar da aka taɓa haƙawa launinta daban ne ko bayan shekara goma. Ya bi ta a hankali da cokalin magini kamar mai neman ƙwai. Wajen la'asar ran Juma'a muka ji ƙarar ƙarfe. Ni na ƙarasa da hannuna, shi ya sa yatsuna suka kumbura.

Gwangwanin ya yi tsatsa a waje, ciki kuwa ko danshi babu. Ashirin da takwas, na ƙirga sau biyu, Choji ya ƙirga sau ɗaya. Babu wanda ya narke. Ka gode wa sanyin Jos da aladun unguwar sama.

Allah kuma ya sa Scholastica ta zo gida Ista, jibi za ta koma. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya ta ce lambobin jikinsu duk suna karantuwa. Za ta sa su a jakar hannunta, kuma asibiti za ta kai su kai tsaye, na hana ta ba ka, don ban san abin da za ka sake tunawa ba. Ta ce in gaya maka ta daɗe da gane kana shigewa store, tana ganin takalmanka ta ƙarƙashin labule.

Saura abu ɗaya. Ka faɗa wa Rukayatu kafin ranar nan. Ita ta wanke ka lokacin da ba ka iya tashi, allurar nan kuma ba kai kaɗai ta shafa ba. In ba ka faɗa ba, na ba Scholastica wata takarda da sunanta, za ta miƙa mata ranar ɗaya ga Mayu.

Yanzu a tsakar gida nake girki, kicin ɗina kamar an yi yaƙi. Ina jiran labari.

Uwargijiyarka har gobe,
Hamdatu

*

Old Kent Road, London
18 ga Mayu, 1997

Zuwa ga uwargijiyata Hajiya Hamdatu. Na rubuta da hannuna, ki ajiye takardar, ba zan sake ba.

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara da jikoki. Yaya yatsun? Ki gaishe mini da Malam. Choji kuwa takardarsa daban tana tafe, amma ki fara ce masa na durƙusa.

Ba gashi, ba allura.

Na fara da shi ne don na san in na ja ki za ki tsallake zuwa ƙasa. Yanzu ga yadda aka yi.

Rukayatu na faɗa mata tun daren Sallah, ban jira takardarki ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ta sani tun Fabrairu, takardar asibiti ta gani a aljihun rigata da za ta kai wanki. Wata biyu tana jira ta ga ranar da zan ɗauke ta mutum. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai ta bakin yara. Rana ta uku ta ce wace riga zan sa ranar appointment, don tare za mu.

Muka je. Likita ya shigo da wata mata mai farin gashi, ya ce ita ce take duba nama, ta ce lallai sai ta ga mutumin da kakinsa ya je Afirka ya dawo. Ta ce shekara talatin tana wannan aiki ba a taɓa kawo mata kaya da jar ƙasa a jikin leda ba. Ta tambayi wanda ya naɗe su, na ce 'yar kawuna ce. Ta ce a gaya miki store ɗinsu bai fi gwangwaninki ba.

Sun sake yanka wurin nan har hawa shida. Ciwon bai taɓa tawadar ba, akwai tazara, ƙarama ce amma tana nan. Abin da yake bakin tawadar lafiyayyen nama ne, wato wuƙa ta ratsa ta cikin mai lafiya ta bar ɗan kaɗan a jikina, kuma suna ganin shi ne yake fitar da ɗigon nan. Sabon rinin kuma ya nuna ƙwayoyin ciwon masu nawa ne, a cikin ɗari 'yan kaɗan ne suka kama launi. Ta ɗora gilashin a madubi ta ce in leƙa. Hamdatu, na ga kaina. Kamar atamfa ce ruwan hoda da shuɗi, da baƙin layi a gefe kamar bakin zane. Na ce ashe cikina ma mai kyau ne. Rukayatu ta ce in tashi in ba mutane wuri.

An kuma ɗebi jini mako guda kafin nan. Yana nan a 0.2, bai motsa ba tun Fabrairu. Likita ya ce ciwon da ya dawo ba ya zama wuri ɗaya, hawa yake yi. Na ce to in rubuta gida in ce na warke? Ya ce in rubuta cewa yau babu dalilin taɓa ni, kuma yana sa ran haka za a ci gaba, amma alkawari ba nasa ba ne. Na ce wannan ai mun sani tun kafin a haife shi.

Da za mu fita matar ta tambaya, cikin ladabi, ko zan sake karɓar kakin. Rukayatu ta dube ni, likita ya dubi silin. Na ce su riƙe. Na sa aka rubuta a file cewa ranar da Allah ya karɓi raina a ba iyalina su haɗa da ni, kafin nan duk rinin da aka ƙirƙiro su gwada. Limaminmu na nan ya ce hakan ya yi.

Daga asibiti ba mu hau bus ba, da ƙafa muka taho har shago, Rukayatu tana riƙe da hannuna a titi kamar Turawa, ni kuma na ƙyale ta. Na sa aka rufe da wuri, na aika aka sayo tsire da jollof, duk wanda ya leƙo sai ya ci. Scholastica ta zo da kayan aikinta a jiki, ta cika faranti, ta cinye shi tas. Sannan ta ce, "Baba, wa ye mai jikin?" Na ce ci naman ki ƙyale ni.

Zancen kicin, kada ki bari magini ya taɓa shi. Na yi booking ɗin jirgi na Disamba, ni da Rukayatu. Ni zan kwaɓa simintin, Choji ya duba ko na iya.

Awo na gaba ranar Litinin ne, takwas ga Satumba, ƙarfe goma na safe. Da ni kaɗai nake riƙe ranakun nan, in rubuta a ɗan kati in ɓoye a mota. Yanzu Rukayatu ta rubuta a kalandar falo da jan biro. Ke ma ki rubuta a taki. Kowace lamba ta fito, a ranar zan buga waya gidan Choji a kira ki, ko falon cike yake da mutane.

Masawudu